Ɓaraguzan gini: dukiyar da muke farfasawa kafin mu fara tsinta

A farkon watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, katafiloli suka fara rusau a birnin Kano: shagunan Filin Sukuwa, gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, kantunan da ke jikin Filin Idi na Ƙofar Mata, sai kuma shataletalen gidan gwamnati. Gwamnati ta ce filayen na jama'a ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba, wasu masu gine-ginen kuma suka garzaya kotu. Wannan taƙaddama ba ita ce a gabanmu ba. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne abin da ya biyo bayan katafila. Kafin ƙura ta lafa, matasa sun yi dafifi a kan tulin kankare, wasu da guduma, wasu da zarto, suna zaro rodi, suna ɓalle ƙofofi da tagogi, suna loda wa baro da a-daidaita-sahu. 'Yan sanda sun kama wasu. Akwai kuma waɗanda ragowar gini ya rufto musu, har aka yi asarar rai.

An kira abin ɗibar ganima, an yi tir da shi, kuma babu mai cewa kayan wani sun halatta don kawai an rushe masa gini. Amma wanda ya san harkar gini ya ga wani abu ƙari a wurin. Matasan nan ba barkatai suke ɗiba ba. Sun san abin da ke da kuɗi: rodi, alminiyon, wayar wuta, kwanon rufi, ƙofar ƙarfe. Bulo da kankare kuwa, waɗanda su ne mafi yawan nauyin kowane gini, ko kallo ba su ishe su ba. Haka abin yake a ko'ina, rusau na gwamnati ne ko gyaran gidan mutum ɗaya. Abin da sikeli zai karɓa yini guda ya ishe shi ɓacewa. Abin da ba shi da mai saye kuma sai ya yi ta kwana a bakin titi har damina ta sauko ta tura shi cikin magudanar ruwa.

Don haka kada wani ya ce mutanenmu ba su san darajar tsohon kaya ba. Sun sani, har ma sun fi wasu ƙasashen masu tarin dokoki iya tsinta. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda muke saukar da ginin. Mu sai an farfasa komai an cakuɗa, sannan a fara nema. Mahauci ba ya daka saniya gaba ɗaya sannan ya tsinci nama. Feɗe ta yake yi, fata gefe, kai da ƙafa gefe, kayan ciki gefe, kowanne da mai sayensa. Gini ma haka ya kamata a yi masa. Ƙofar da kafinta zai kwance cikin rabin sa'a a sayar da ita a matsayin ƙofa, idan katafila ta riga shi, sai ta koma lanƙwasasshen ƙarfe na awon kilo. Tagar gilashi ta zama abin yanke ƙafar yara. Katakon rufi da zai sake rufa wani ɗaki ya koma itacen girki.

Ƙasashen da suka zauna suka auna wannan shara sun tarar ba ƙarama ba ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 ƙasar ta fitar da tan miliyan 600 na sharar gini da rusau, fiye da ninki biyu na sharar yau da kullum da ake kwasa a garuruwanta. Sama da kashi 90 cikin 100 na wannan adadi daga rusau ya fito, ragowar ne kawai daga sabon gini. A Tarayyar Turai, fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukkan shara daga nan yake zuwa. Ma'ana, ranar da aka yanke shawarar rushe gini, da yadda aka rushe shi, ta fi duk wani tattali da za a yi daga baya nauyi.

Ba da wannan matsala muka taso ba. Ginin ƙasa na gargajiya, irin na Kano da Zariya da Katsina da Damagaram da Agadas, kusan ba ya barin komai a baya. A haƙo ƙasa, a jiƙa, a cuɗa da busasshiyar ciyawa, a mulmula tubali a shanya. Rufi kuma azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba. Idan soro ya tsufa ko damina ta kayar da katanga, magini ba ya neman inda zai zubar da ita. Sake jiƙa ƙasar ake yi a kwaɓa, a ƙara sabuwa kaɗan, a tayar da bango a inda na da ya tsaya. Azara kuwa zaro ta ake yi ɗaya bayan ɗaya, a zaɓi masu lafiya a mayar. Azarar da kaka ya rufa zaure da ita tana iya ƙarewa a ɗakin amaryar jikansa. Har kayan hana ruwa shiga ma daga ragowar wasu sana'o'in suke zuwa: makuba daga ɓawon ɗorawa, laso kuma daga katsin marina da gashin da majema suka kankare daga fata, a haɗa da dafara. Abin da marini da majemi suka gama da shi, shi ne jarin mai shafe rufi.

Ba wai ginin ƙasa ba shi da nasa wahalhalun ba. Yana son yaɓe kafin kowace damina, kuma duk shekara ana jin labarin katangar da ta faɗa wa mutane cikin dare bayan mamakon ruwa. Mutane ba don wauta suka koma bulo ba. Sai dai mun canza kayan gini ba mu canza ɗabi'ar zubarwa ba. Ƙasa idan ka watsa ta a lungu, ruwa biyu ya ishe ta bajewa. Kankare kuwa nan zai zauna har jikokinka.

Dalilin yana cikin yadda ake yin siminti. Dutsen farar ƙasa ake gasawa da laka a zafin da ya kai kusan digiri 1,450, kamar yadda ake yi a Obajana da Kalambaina da Ashaka da Malbaza. Da zarar garin ya haɗu da ruwa ya daskare, ya tafi ke nan. Ko ka niƙa shi, ba zai koma simintin da zai sake kama bulo ba. Gasawar nan ce ta sa masana'antar siminti ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ga kuma yashi da tsakuwa, waɗanda hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a rahotonta na 2022 ana ɗibar kimanin tan biliyan 50 duk shekara. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kogin Challawa da rani ya ga jerin tifofi ya san namu kason ba kaɗan ba ne. Duk tifar ɓaraguzai da aka jibge a juji, wata tifar ce za ta koma kogi ko wurin fasa dutse ta ɗebo sabo.

A cikin duk kayan gini, ƙarfe ne ya fi samun gata, domin shi yana da hanya a shimfiɗe. Ɗan gwangwan ya tsinto ya kai wa mai sikeli a unguwa. Mai sikeli ya tara ya kai wa dila a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai. A can ake rabawa: abin da maƙeri ko mai walda zai iya sarrafawa ya tsaya, sauran a cika tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe, irin waɗanda suka yi yawa a Ikorodu da Ogijo. Da yake masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka fara ginawa tun 1979, har yau ba ta kai ga aikin da aka yi ta dominsa ba, rodin da ake yi a cikin gida akasarinsa daga wannan tsohon ƙarfe yake fitowa. Narka tsohon ƙarfe ya fi haƙo tama sauƙin makamashi nesa ba kusa ba, alminiyon kuwa kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin ake tsimi. Yaron da ake kora daga ƙofar gida da tsawa, shi ne matakin farko na masana'antar ƙarfen ƙasar nan.

Sai dai hanyar tana da ramuka. Akwai sata, kuma ba ƙarama ba: marfin kwalbati, wayar fitilun titi, ƙarfen gada. Wannan ne ya sa a Janairun 2025 mahukuntan Abuja suka hana 'yan jari-bola yawo a cikin birni suka kuma rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci, Borno ma ta haramta tsintar ƙarfe a 2023 saboda dalilan tsaro. Amma haramci shi kaɗai ba ya rage buƙatar ƙarfe a masana'anta, mayar da cinikin yake yi zuwa dare. Ramin da ya fi ba ni tsoro kuma shi ne rodin da ba ya zuwa wurin narkawa. Ana zaro shi daga kankare a lanƙwashe, a ɗora a kan dutse a miƙar da guduma, a kankare tsatsa, a sayar wa mai gini a farashi mai sauƙi. Ido zai ga rodi. Amma ƙarfen da aka lanƙwasa aka sake miƙarwa ya rage juriya a daidai gwiwar, wani ma ya tsage a inda ba a gani. Irin wannan ya yi daidai da ƙarfen taga, ko marfin lambatu, ko shingen lambu. Ginshiƙi da linta da dekin ba wurinsa ba ne, ko kyauta aka ba ka. Mai ginin bene da ya karɓi irin wannan rodi saboda araha, rayukan 'yan haya ya sa a ciniki.

Ɓaraguzan bulo da kankare su ne babban tuli, kuma su ne marayu. Amfani ɗaya muka san yi da su, wato ciko. A cike harsashin gini kafin a zuba daɓe, a cike rami a layi, a tare zaizayar ƙasa. Ciko ba laifi ba ne, hasali ma a Holan, inda ake sake amfani da sama da kashi 90 cikin 100 na sharar gini, mafi yawanta ƙarƙashin kwalta take tafiya. Bambancin shi ne su sukan niƙa, su tace, su auna. Mu kuwa yadda tifa ta kwaso haka ake juyewa, manyan dunƙule da ƙanana, haɗe da guntun katako da leda da buhun siminti da farfasasshen silin. Manyan dunƙule suna barin kogo a tsakaninsu. Katako ya ruɓe ya bar rami, ya kuma gayyato gara. Farar hodar adon silin, wadda ake kira POP, tana da sinadarin da ke cin siminti idan danshi ya same ta, don haka bai kamata ta kusanci harsashi ba. Bayan damina biyu ko uku sai mai gida ya ga tayil ya fara tsagewa a tsakar falo, daɓe ya lotsa, ya ɗora laifin a kan mai sa tayil, alhali ɓarnar tun ranar ciko aka binne ta.

Akwai wani cikon kuma da illarsa ta wuce gida ɗaya. Kududdufan tsofaffin biranenmu, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina unguwannin, su ne matattarar ruwan sama. Sannu a hankali ake cike su da shara da ɓaraguzai, a yanka fuloti, a yi gini. Ruwan da ya saba kwana a can bai daina zuwa ba, sai ya nemi ɗakunan maƙwabta. Duk lokacin da ake lissafin abin da ke jawo ambaliya a cikin gari, ya kamata a sa tifar ɓaraguzai a cikin lissafin.

Abin da ya dace da kankare shi ne injin niƙa. A fasa shi, maganaɗisu ya janye guntayen ƙarfe, rariya ta raba manya da ƙanana. Tsakuwar da ta fito ba daidai take da ta dutse ba, domin tsohon siminti na manne a jikinta, wanda ke sa ta fi shan ruwa ta kuma ɗan rage ƙarfi. Shi ya sa a ƙasashen da suka yarda a sa ta a kankaren da zai ɗauki nauyi, yawanci kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kawai ake musanyawa, kuma bayan gwaji. Amma a shimfiɗar ƙarƙashin titi, da intalok, da dutsen gefen hanya, da bulon katanga, tana aiki sosai. A nan dole a bambance kankare da bulo. Bulon kasuwa da yawa tun yana sabo ma da farce kake kankare shi, saboda an ja buhu ɗaya ya fitar da fiye da ƙima. Garin irin wannan bulo ciko kawai ya dace da shi.

To me ya hana wani ɗan kasuwa ya kafa injin ya ci riba? Lissafi ne. Ɓaraguzai kaya ne masu nauyi marasa tsada, kuɗin man tifa kaɗai yana iya fin darajarsu idan tafiyar ta yi nisa. Sannan zubarwa kyauta ce: direba ya sami kango ko bakin rafi ya juye da asuba, babu mai tambayarsa. Yashin kogi ma kusan kuɗin ɗiba da dako kawai ake biya. Muddin zubarwa kyauta ce, sabo kuma da araha, wanda ya niƙa tsoho shi zai yi asara. Birtaniya ta gane haka, ta sa harajin zuba shara a juji a 1996, ta ƙara da haraji a kan sabuwar tsakuwa da yashi a 2002, lissafin ya juya. Japan ta bi ta hanyar doka a 2000, ta wajabta rarraba kaya a wurin rusau, yanzu sama da kashi 95 cikin 100 na kankarenta ana sake sarrafa shi. Ba na ganin kwafo harajin Birtaniya zai yi mana aiki yadda yake; inda babu mai sa ido, haraji a juji ƙara yawan masu juyewa a bakin rafi zai yi. Indiya ta fi kama da mu. A Delhi an buɗe wurin niƙa ɓaraguzai a Burari a 2009, ana fitar da intalok da bulo da tsakuwa, sai a 2016 ƙasar ta yi ƙa'idoji na musamman a kan wannan shara. Abin da ya fi ba su wahala ba niƙan ba ne, samun mai sayen abin da aka niƙa ne.

Kafin a kai ga injin ma, akwai abin da bai kamata ya shiga cikinsa ba ko kaɗan. Gidajen ma'aikata da makarantu da barikoki da yawa da aka gina a shekarun 1970 da 1980 rufinsu ko silinsu na asbesto ne. Yana nan lafiya lau muddin ba a taɓa shi ba. Ranar da aka fasa shi ko aka yanka shi da injin, sai ya saki wasu zaruruwa da ido ba ya gani, su shige huhu su zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'insa yana jawo sankara, kuma ƙasashe sama da 50 sun haramta shi. Cutar kan ɗauki shekara ashirin zuwa arba'in kafin ta bayyana, don haka leburan da ya wurgo fallayen daga saman rufi yana ɗan shekara ashirin ba zai taɓa danganta tarinsa na tsufa da wannan ranar ba. Ga shi kuma gutsattsarinsa har akurkin kaji ake rufewa da su, yara na wasa da su a tsakar gida. Ba kowane fallen siminti ne ke da asbesto ba, na baya-bayan nan da yawa babu, amma ido ba ya rabewa, don haka tsoho dai a ɗauke shi a matsayin mai shi. A jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusoshi, a sauko da shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri a binne a wurin da hukuma ta sani. Akwai haɗari kuma a tsohon fenti mai dalma idan ana goge shi a bushe, da wayar wuta da ake ƙonawa don a fitar da jan ƙarfe. Baƙin hayaƙin robar nan guba ne ga mai ƙonawa da duk layin.

Duk wannan magana ce ta bayan ɓarna. Mafi arahar tattali yana wurin sabon gini, kuma nan ne mai gida yake da iko a hannunsa. Rodi tsawon mita 12 yake zuwa. Idan aikin yana buƙatar guntaye masu mita 4 ko mita 3, sanda ɗaya za ta ƙare cif babu saura. Idan kuwa mita 3.5 ne, uku za a samu, mita ɗaya da rabi ya ragu a kowace sanda. A sanda ɗari, mita 150 ke nan, fiye da sanda goma sha biyu. Mai ɗaurin rodi da ya zauna da takarda kafin ya ɗauki zarto zai san inda guntayen nan za su shiga. Wanda bai zauna ba, mai sikeli ne zai ci ribarsu. Haka bulo mai tsawon santimita 45, da tayil mai 60 ko 40, da falankin katako mai ƙafa 4 da 8: ɗakin da aka auna shi da girman kayan a zuciya ba ya cika buƙatar yanke-yanke. Siminti kuma a ɗora shi a kan katako a rufe, kada ya shafe watanni a ajiye, kada a kwaɓa fiye da abin da birkila zai cinye kafin ya fara kamawa. Tun da buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, kwaɓin da ya bushe a ƙasa lokacin hutun azahar ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Amma babbar ɓarna ba a guntun rodi take ba, a canjin ra'ayi take. An gama bango, an yi filasta, sai a kira mai wayarin da mai famfo, su zo da guduma da kurfi su tsattsaga bangon don su binne bututu, a sake sayo siminti a toshe. Da an haɗa su da birkila tun farko, da bututun ya shiga lokacin da bulo ke hawa. Ko kuma mai gida ya zo zagaye ranar Asabar da abokinsa, ya dubi taga ya ce, "Malam, wannan ta yi ƙanƙanta, a faɗaɗa ta." Birkila ya ce, "An gama, Alhaji." Ba zai yi musu ba, kuma ba don ladabi kaɗai ba. Shi a kan bulon da ya ɗora ko yinin da ya yi ake biyansa, kaya kuma mai gida ke saye. Rushewa da sake ɗorawa ƙarin aiki ne a gare shi. A wurin gini irin namu, babu mutum ɗaya a cikin masu aiki da asarar kaya ke taɓa aljihunsa. Kuɗin da ake ƙyashin bai wa mai zanen gini da mai ƙididdigar kaya, ninkinsa ake zubarwa a bayan katanga.

Gyaran gida ma ya zama yayi. Tayil lafiyayye a ɓamɓare shi don launinsa ya tsufa, silin da bai yi shekara biyar ba a sauke don maƙwabci ya yi sabon salo. Kowa da kuɗinsa, ba a hana ba. Amma wanda zai sauke, ya sauke da hankali. Ƙofofi, tagogi, abin wanke hannu, makunnin wuta, fankoki, kwanon rufi: duk akwai makarantar Islamiyya ko maƙwabci mai ƙaramin ƙarfi da ke nema, akwai kuma 'yan gwanjon kayan gini da za su saya. Kwana biyu na kwancewa kafin a ɗaga guduma shi ne bambancin.

Wani lokaci kuma amsar ita ce kada a rushe sam. A Dandaji, cikin jihar Tawa a Nijar, tsohon masallacin Juma'a na ƙasa ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a baje shi, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon jar ƙasa da injin ke matsewa, aka kammala a 2018. Garin ya sami gini biyu a inda da zai sami ɗaya da tulin ƙasa. A Faransa, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal sun yi suna da ƙin rushe tsofaffin gidajen talakawa. A birnin Bordo sun gyara gidaje 530 na shekarun 1960, suka ƙara musu baranda da haske, mazauna na ciki ba su tashi ba, kuma a 2021 aka ba su lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini. Vassal a Yamai ya yi aikin tsara birni a farkon shekarun 1980, ginin farko da suka yi tare kuma bukkar zana ce a can. Tattalin da ya kai su ga wannan matsayi, a wurin mutanenmu suka fara ganinsa.

Doka ba ita muka rasa ba. NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, tana da ƙa'idojin muhalli na ɓangaren gine-gine tun 2011, waɗanda manufarsu rage gurɓatawa daga aikin gini da rusau. Abin da ya rage shi ne a sauko da su inda mai gini yake haɗuwa da hukuma, wato teburin ba da izini. Birnin Portland a Amurka ya yi haka a 2016: duk gidan da aka gina a 1916 ko kafin nan, ba a yarda injin ya rushe shi ba, sai dai a kwance shi da hannu, daga baya aka faɗaɗa zuwa 1940. Hukuma irin KNUPDA mai kula da tsara birane a Kano da takwarorinta na iya sa sharaɗi makamancin wannan: kafin katafila ta shiga, a ba da kwanaki na kwance rufi da ƙofofi da waya, a duba ko akwai asbesto, a kuma rubuta inda tifa za ta kai sauran. Sharaɗin ya fara hawa kan gwamnati ita kanta, domin ita ce babbar mai rusau, ko don faɗaɗa titi ko don kwato fili. Dillalan tsohon ƙarfe suna da ƙungiyoyi da shugabanni. A yi musu rajista, ciniki ya zama da rasit, a san daga wane gini kaya suka fito.

Sai kuma fili. Kowane babban gari na buƙatar wurare kaɗan a kusa da inda ake gini, ba can bayan gari ba, inda tifa za ta juye ɓaraguzai masu tsabta kyauta, masu cakuɗe da shara kuma ta biya. Wannan bambancin farashi kaɗai zai koya wa ɗan kwangila rarrabewa fiye da kowace sanarwa a rediyo. Injin niƙa mai taya yana iya zagaya wuraren bi da bi. Mai saye na farko dole gwamnati ce: jihohi suna shimfiɗa intalok a lunguna suna gina magudanan ruwa duk shekara, idan aka rubuta a takardar kwangila cewa wani kaso na shimfiɗar ƙasa daga niƙaƙƙen kankare zai fito, kasuwa ta samu. Ingancin kuma ba a baki za a bar shi ba. Sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello da cibiyar binciken gini da hanyoyi ta NBRRI suna da injinan matse bulo su faɗi nauyin da zai iya ɗauka, kuma duk intalok ko bulon da bai ci wannan gwaji ba, a mayar da shi cikin injin a sake niƙawa.